Yadda Ake Haɗa Harsashin Dalma Mai Saiti Don Tsofaffin Bindigogin Gasa Masu Cin Ɗaya-Ɗaya

A watan Satumban 1874, a filin harbi na Creedmoor da ke jihar New York, maharba shida na Amurka suka kara da shida na ƙasar Ayilan. An yi harbi daga yadi 800, da 900, da 1000. Masu masauki suka tashi da maki 934, baƙi da 931. Bindigogin da Amurkawan suka riƙe na Remington ne da na Sharps, irin waɗanda ake buɗewa ta baya a sa harsashi guda, a harba, a zare kwanso, a sa wani. Ƙwayar, wato dunƙulen da ke fita daga bindiga idan an harba, ta dalma ce, albarushin kuma baƙi ne mai hayaƙi.

Har gobe ana wannan wasa a Amurka da wasu ƙasashen Turai. Akwai masu harbin gumakan ƙarfe: kaji a mita 200, aladu a 300, talotalo a 385, raguna a 500. Akwai masu salon Schuetzen da Jamusawa suka kai Amurka, inda ake harbi a tsaye daga yadi 200 da ƙananan harsasai irin .32-40 da .38-55. Kamfanoni irin su Shiloh da C. Sharps a garin Big Timber na jihar Montana, da Pedersoli a Italiya, suna ƙera sababbin bindigogi a kan tsohon fasali. Kusan duk wanda ke cin kofi a wannan fage da hannunsa yake zuba ƙwayarsa, don harsashin kanti an yi shi ne ya shiga kowace bindiga, shi kuwa yana neman wanda aka yanka wa tasa kaɗai.

Wannan sana'ar ta ƙasashen da dokarsu ta yarda da ita ce, ga mai lasisi, a filin harbi mai rajista. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma hukuncinta ɗauri ne. Wanda ke zaune inda aka halatta ma, ya fara da tambayar dokar garinsa kan ajiyar albarushi. Ba kuma za ka ga adadin albarushi a nan ba: wannan daga littafin awo na kamfanin da ya yi albarushin ake ɗaukarsa, daidai da irin bindigarka.

Harsashi guda abu huɗu ne: kwanson tagulla, faraima ('yar hular da ke gindin kwanso, wadda allura ke bugawa ta tayar da wuta), albarushi, da ƙwaya. Nauyinsu da giren ake aunawa, giren 7000 ne laba ɗaya, giren guda kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba. Sabon shiga kan ƙare hankalinsa a kan albarushi. Ni a wurina albarushi ne na ƙarshe. Saiti yana fitowa ne daga yadda ƙwaya ta zauna a bututu, da kuma yadda ƙwaya ta hamsin ta yi kama da ta farko.

Fara da auna bututun

Cikin bututun bindigar gasa tamkar gonar da aka yi wa huɗa ne, kunya da kwari suna tafiya a murɗe daga gindi har baki. Kunyoyin ne ke kama jikin ƙwaya su juya ta, kwaruruwan kuma dole ƙwaya ta cike su taf, in ba haka ba wuta ta bi gefenta ta narkar da ita ta shafe bututun da dalma.

Lambar da aka buga a jikin bindiga ba ta isa shaida ba. A takarda faɗin bututun bindiga mai cin harsashin .45-70 daga kwari zuwa kwari inci .458 ne, amma tsofaffin Springfield na sojan Amurka, ƙirar 1873, sau da yawa sun fi haka faɗi. Su .38-55 kuwa kusan kowane kamfani da nasa awon. Don haka ka wanke bututun tas, ka shafa masa mai, ka samo dunƙulen dalma zalla mai taushi wanda ya ɗan fi bakin girma, ka buga shi a hankali da sandar tagulla har ya fita ta ɗaya ɓangaren. Kada ka yi amfani da sandar katako, tana tsagewa ta cije a ciki. Yayin da kake turawa, hannunka zai gaya maka inda bututun ya matse da inda ya saki. Dunƙulen da ya fito ka auna shi da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙananan abubuwa. Idan kwaruruwan mara ne, kamar guda uku na Springfield, maikuromita na yau da kullum ba zai ba ka gaskiya ba, sai ka kai wa maƙerin bindiga mai kayan awon da suka dace.

Ƙwayarka ta fi wannan awo da kamar inci .001. Wannan shi ne mafari.

Bayan nan sai maƙogwaro, wato ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen ɗakin harsashi (inda harsashi ke zama a gindin bututu) da inda kunyoyi suka fara. Ana ɗaukar siffarsa da wani ƙarfe mai narkewa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, ana kiransa Cerrosafe. A toshe bututu da tsumma kaɗan gaba da maƙogwaro, a zuba, ya daskare, a turo shi, a jira awa guda kafin a auna. Wannan zubin zai nuna maka tsawon ɗakin, da faɗin maƙogwaron, da irin hancin ƙwayar da zai zauna a ciki. Wanda ya sayi mazubi, wato abin da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta zama ƙwaya, kafin ya yi wannan awon, caca ya yi da kuɗinsa.

Saura saurin murɗa. Sa tsumma mai matsewa a kan sandar goge bututu, yi wa sandar alama, tura ta har alamar ta zagayo sau ɗaya, ka auna tsawon da ta shiga. Yawancin sababbin .45-70 na gasa juyi ɗaya suke yi a inci 18, tsofaffin na soja a inci 22. Doguwar ƙwaya tana son murɗa mai sauri. Tsohon lissafin Greenhill na 1879 yana nan da amfaninsa: ninka faɗin ƙwaya da kansa, ninka da 150, raba da incin murɗar, abin da ya fito shi ne kusan iyakar tsawon ƙwayar da za ta tafi a miƙe. Ga bututu mai 18 ya kama kusan inci 1.75, ga mai 22 kuma 1.4 da 'yan kai.

Idan bindigar ta asali ce mai shekara ɗari da ɗoriya, maƙeri ya duba ta kafin komai. Littattafan awo suna raba .45-70 gida uku saboda ƙarfin bindigogi ya bambanta, kuma Springfield tana gidan mafi rauni.

Dalma da kuza

Haɗin da maharban wannan fage suka fi yarda da shi abu biyu ne kawai, dalma zalla da kuza zalla. Kashi 20 na dalma da 1 na kuza shi ne wurin farawa. Wasu bindigogin sun fi son 30 da 1, masu dogon hanci da ake harbawa nesa kuma sukan nemi 16 da 1 don kada hancin ya lanƙwashe lokacin tashi. Kuza tana sa narkakken ƙarfe ya gudu ya cike kowane lungu na mazubi, tana kuma ƙara masa ɗan tauri. Ana son ƙwayar da taushinta, domin bugun baƙin albarushi yana ɗan kumbura gindinta ta toshe bututu.

Dalmar bola ba ta gasa ba ce. Ba ka san abin da ke cikinta ba, kuma tukunyar yau ba za ta yi daidai da ta gobe ba. 'Yan ƙarafan da ake maƙalawa a ƙafar mota yanzu da yawansu zinki ne, kuma ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya mayar da tukunya kamar dame. Dalmar batir kuwa kada ma ka kusance ta, abin da ke tashi daga dattinta guba ce mai kisa.

Ita kanta dalmar ba abar wasa ba ce, kuma mu ba sai an ba mu labari ba: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ta hanyar ƙurar da ta shiga gidaje. Yi zubi a waje ko inda iska ke ratsawa. Kada ka ci, kada ka sha, kada ka sha taba a wurin. Tufafin aikin su tsaya a can, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa yaro. Sa tabarau na kariya, safar hannu ta fata, doguwar riga ta auduga da rufaffen takalmi. Ruwa kuma, ko da ɗanshi ne a jikin ludayi ko a cikin dunƙulen da za ka jefa, idan ya nutse ƙarƙashin narkakkiyar dalma sai ya watso tukunyar gaba ɗaya. Duk abin da zai shiga tukunya a ɗumama shi tukuna.

Zubi

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salsiyos, amma manyan ƙwayoyi sun fi cika kyau a wajen digiri 400. Ka mallaki ma'aunin zafi na tukunya, kada ka dogara da lambar da ke jikin maɓalli.

Sabon mazubi da mai yake zuwa. Wanke shi da ruwan zafi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ya bushe sarai, sannan ka ɗora shi a kan risho na lantarki ya yi zafi tare da ludayi yayin da tukunya ke narkewa. In ta narke, jefa kakin zuma kamar girman ƙwayar gyaɗa, ka juya har ƙasa kana kankare gefe, ka kwashe baƙin dattin da ya taso. Sama ta koma kamar madubi.

Ga ƙwaya mai giren 500 zuwa sama, irin ta mazubin kamfanin Lyman mai lamba 457125, ko 457132 da ake kira Postell, na fi yarda da ludayi a kan tukunya mai famfo a ƙasa. Cika ludayin daga ƙasan tukunya. Kwantar da mazubin a gefe, haɗa bakin ludayin da ramin marufinsa, ka juyo su tare su miƙe, ka riƙe haka na ɗan daƙiƙu. Nauyin dalmar da ke cikin ludayin ne ke danna ta cikin kowane tsagi. Sannan ka raba su kana barin tulin dalma mai kauri a kan marufin, domin yayin da ƙwayar ke hucewa tana tsukewa, daga wannan tulin take janyo ciko. Mai rowar tuli zai samu ƙwaya mai rami a ciki, ramin da ido ba ya gani sai sikeli.

Zuba wa tulin ido. Zai yi ƙyalli, ya dusashe, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Ƙara jira kaɗan, sannan ka ture marufin da hannu mai safa ko ɗan sandan katako. Buɗe mazubin, in ƙwayar ta ƙi faɗowa ka ƙwanƙwasa ƙusar hannun, kada ka taɓa bugun jikin mazubin kansa. Ta faɗo a kan tawul busasshe mai ninki, a hankali, ba a kan 'yan uwanta ba.

Goma ko ashirin na farko ka ware su gefe, na ɗumama mazubi ne. Daga nan abin da ya rage shi ne kiɗa ɗaya: tsawon zubi ɗaya, tsawon jira ɗaya, ba tsayawa amsa waya. Wasu kan ajiye agogo mai sandar daƙiƙa a gabansu. Ragowar tulin da kake yankewa kada ka riƙa mayar da su tukunya ana cikin aiki, suna sauke zafi.

Ƙwayar da kanta za ta faɗa maka abin da ke faruwa. Tamoji a jiki na nufin mazubi bai yi zafi ba, ko akwai sauran mai. Fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, zafi ya yi yawa. Dalma ta shafu a saman mazubi, ka yi gaggawar yanka. Siririn gashi a layin da ɓangarorin biyu suka haɗu, akwai ɗan abu tsakaninsu ko riƙonka ya yi sako-sako. Masu salon Schuetzen sukan jera ƙwayoyin a katako mai ramuka bisa yadda suka fito, su kuma harba su a wannan jeri, don kowace ta fi kama da maƙwabciyarta.

Tancewa

Nan ne ake bukatar taurin zuciya. Ɗauki kowace ƙwaya ƙarƙashin fitila mai haske, ka fara da gindinta. Gefen gindin ya kasance mai kaifi, cikakke a duk zagaye, ba lotsawa, ba rami a inda aka yanke. Dalili kuwa, gindi ne ke barin bakin bindiga a ƙarshe. Idan wani gefe ya riga wani fita ko da da ƙanƙanin abu ne, iskar wuta za ta fara kufcewa ta nan ta ture ƙwayar. Ɗan tabo a hanci ba ya ɓata harbi kamar tabo a gindi. Duk wadda ka yi shakka a kanta, mayar da ita tukunya. Dalma ba ta asara.

Waɗanda suka tsallake sai sikeli. Ga ƙwaya mai giren 500 da wani abu, riƙe waɗanda ke cikin rabin giren sama ko ƙasa da matsakaici. Masu sauƙi sosai su ne masu rami a ciki, kuma ramin da ba ya tsakiya zai sa ƙwaya ta yi ta lilo a iska. Auna faɗin wasu da maikuromita a wurare biyu, a kan layin haɗi da kuma gicciyensa, ka san ko mazubinka na fitar da zagayayye.

Wasu kan yi ɗan ɗigo da ƙusa a cikin hancin mazubi, don kowace ƙwaya ta fito da alama, su riƙa sa ta a bindiga alamar na kallon sama kullum. Ba kowa ya yarda yana ƙara wani abu ba. Ni ina ganin ba ya cin komai, kuma yana cire tambaya guda daga lissafi.

Man ƙwaya

Tsagogin da ke jikin ƙwaya na mai ne. Da baƙin albarushi aikin man biyu ne: ya hana dalma mannewa, ya kuma sa tokar da ta rage a bututu ta zauna da laushi. Man da aka yi da kayan fetur yana haɗuwa da wannan toka ya zama kwalta mai tauri, shi ya sa ake amfani da kakin zuma haɗe da kitse ko man girki. Akwai na sayarwa irin SPG, akwai kuma haɗin gida da aka sani da sunan Emmert: rabi kakin zuma, kashi 40 cikin ɗari daskararren man girki, kashi 10 man ruwa.

Jera ƙwayoyin a tsaye cikin faranti, narka man a kwanon da ke zaune cikin ruwan zafi don kada ya ƙone, zuba har ya rufe tsagi na sama, bar shi ya daskare. Ɓamɓaro gaba ɗayan, ka turo kowace ƙwaya da babban yatsa daga hanci. Idan mazubinka na fitar da faɗin da kake so, kada ka matse ƙwayar a injin rage faɗi. Duk matsa tana iya karkata ta. Goge gindin kowace a kan tsumma ya bushe.

Kwanso

Sayi kwanso na kamfani ɗaya, zubi ɗaya. Starline da Winchester da Remington duk suna yin .45-70, amma kaurin bangonsu ya bambanta, cikinsu ma haka. Harbin farko yana buɗe kwanso ya ɗauki siffar ɗakin bindigarka; daga nan ba ka bukatar matse shi gaba ɗaya, wuya kawai, wasu ma ba sa matsewa sam. Yanke su duka tsawo ɗaya, ɗan ƙasa kaɗan da tsawon ɗakin da ka auna. Kankare cikin baki ya yi santsi don kada ya yanki dalma. Share ramin wuta daga ciki sau ɗaya. Bayan an yi ta harbawa wuyan tagulla yana tauri, sai a ɗan gasa shi ya dawo da laushi. Wuya kaɗai, zafi bai kamata ya kai gindin kwanso ba ko kusa.

Abin buɗa wuya ya kasance ƙasa da faɗin ƙwaya da inci .001 zuwa .002, da ɗan buɗi a baki yadda gindin ƙwaya zai shiga ba gogewa. Wuya mai matsewa fiye da haka zai rage faɗin ƙwayar mai taushi, duk wahalar da ka sha wurin awo ta tafi a banza. Sa faraima da abin hannu don ka ji lokacin da ta taɓa ƙasa, ta ɗan nutse ƙasa da fuskar gindi. Tabarau na fuskarka.

Zurfin zama, sannan albarushi

Da baƙin albarushi, wurin da ƙwaya ta bari shi ke faɗar yawan abin da zai shiga, don haka ita ake fara saitawa. Rufe bindigar ba komai a ciki, zura sanda daga baki har ta taɓa ƙarshe, yi alama. Buɗe, tura ƙwaya ita kaɗai cikin maƙogwaro da fensir har ta taɓa kunyoyi, sake zura sandar ta taɓa hancinta, yi alama ta biyu. Tazarar alamomin ita ce tsawon harsashin da ƙwayarsa ke taɓa kunyoyi. Haɗa guda na gwaji ba faraima ba albarushi, ka tabbata bindiga na rufewa ba dole. Ka tuna bayan harbi biyu-uku toka za ta taru a wurin, harsashin da ya shiga da ƙyar a bututu mai tsabta zai ƙi shiga.

Ƙa'idar da ba a karyawa: tsakanin baƙin albarushi da gindin ƙwaya babu iska. Auna kowane zubi a sikeli bisa abin da littafin awo ya ba ka. Zuba shi a hankali ta dogon bututun tagulla mai tsawon inci 24 ko fiye, da mazurari a sama. Faɗowar da yake yi daga nesa na sa ƙwayoyinsa su jeru su zauna daidai kowane lokaci. Ɗora faifan kwali mai kaurin inci .030 zuwa .060 a kai. Sannan ka danna da abin danna albarushi na musamman har zuwa inda gindin ƙwaya zai tsaya. Kada ka danna da ƙwayar kanta, za ta kumbura ta lanƙwashe. Albarushin Swiss yakan yi kyau da danna kaɗan, Goex yakan so fiye. Takardar bara, wadda ake harbi a kanta, ita ce za ta raba gardama. Wasu kan sa ɗan faifan takardar jarida tsakanin kwali da ƙwaya don kwalin ya rabu da ita da zarar sun fita.

Zaunar da ƙwayar a miƙe har ta taɓa faifan, ka mayar da buɗin bakin kawai, ba tare da cije ta ba. Mirgina harsashin a kan gilashi: in hancin na rawa, ya karkace. Gwangwanin albarushi a rufe yake in ba zuba kake yi ba, kuma ba ya kwana ɗaki ɗaya da tukunyar dalma.

Masu amfani da albarushin zamani marar hayaƙi suna cikin wani haɗari dabam. Ɗan kaɗan ake sawa a cikin babban kwanso, don haka zubi biyu zai shiga ba tare da ya zube ba, kuma zubi biyu na fasa bindiga. Haska tocila cikin kowane kwanso kafin ƙwaya ta hau. Ba a musanya shi da baƙi cokali da cokali, ba a kuma danna faifai a kansa a bar fili a gaba, don hakan na iya kumbura ɗakin bindiga ya bar masa tabo kamar zobe.

Sa ƙwaya dabam, kwanso dabam

Wannan ita ce hanyar masu Schuetzen, kuma har yanzu ba a samu wadda ta fi ta saiti da ƙwayar dalma wadda ba a sa wa murfin tagulla a gindinta ba. Ana tura ƙwayar ita kaɗai cikin bututu da wani abin turawa mai kama da kwanso, har kunyoyi su kama ta, gindinta na gaban bakin kwanso da kamar kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci. Sannan a sa kwanso mai albarushi a bayanta. Ƙwayar ta riga ta miƙe a tsakiyar bututu kafin wuta ta tashi, ba wuya da zai matse ta, ba tsalle. Mutum na iya yini da kwanso guda, yana cire tsohuwar faraima yana sa sabuwa a kan teburin harbi. Ƙwayar da ake yi don wannan tana da ɗan siranta a gaba, gindinta kaɗai ke cika kwari.

Harry Pope, mashahurin maƙerin bututu da ya rasu a 1950, ya bi ta wata hanyar: a tura ƙwaya daga baki ta wani bakin aro da ake cirewa, don kada kunyoyi su jawo gashin dalma a gindinta. Da bututunsa na .32-40 ne C. W. Rowland ya zuba harbi goma a yadi 200 cikin fili da bai kai inci ɗaya ba, a 1901.

A filin gwaji

Harbi uku ba ya nuna komai. Yi goma-goma, a nisan yadi 200 in akwai, a ranar da iska ta kwanta, da tutoci tsakaninka da bara. Canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, ko faraima, ko danna, ko zurfin zama, ko haɗin kuza, ka rubuta a littafi tare da zafin rana da laimar iska. Ɗora bututun a wuri ɗaya kullum a kan sandunan jingina, ka naɗa masa alama. Na'urar auna gudu na taimakawa: waɗannan ƙwayoyin suna tafiya ne wajen ƙafa 1100 zuwa 1300 a daƙiƙa, suna faɗuwa sosai a nesa, don haka ɗan bambancin gudu kan zama babban bambanci sama da ƙasa a mita 500.

Toka kuma sai an lallashe ta tsakanin harbi. Ko ka hura numfashi mai laima ta roba da aka haɗa da kwanso marar gindi, adadi ɗaya kowane lokaci, ko ka goge da tsumma mai ɗanshi sannan busasshe. A rana mai zafi da bushewa, gogewa ta fi abin dogaro.

Dubi bakin bindiga bayan harbi: tauraron mai mai laushi a kewayensa na nufin man ya kai ƙarshe. Busasshiyar toka mai tauri na nufin ya ƙare a hanya. Dalma a kusa da maƙogwaro yawanci ƙwaya ce ta yi ƙanƙanta ko ta yi tauri. Dalma a kusa da baki, mai ne ya gaza. Rami mai tsawo a takarda maimakon zagayayye, ƙwayar ta fi ƙarfin murɗar bututun. Ramuka a jere sama da ƙasa, duba danna da faraima da toka. Guda ɗaya da ta bar 'yan uwanta ba dalilin iska, koma ga tancewarka.

Da ka tashi daga harbi, cire faraimomin ka jefa kwanson cikin jarkar ruwan sabulu tun a filin, don tokar baƙin albarushi na jan laima tana cin tagulla. A gida ka goge cikinsu da ƙaramin buroshi, ka ɗauraye, ka kife su su bushe sarai kafin su koma akwati. Bututun ma a ranar ake wanke shi: tsumma mai ruwa har ya fito fari, busasshe biyu ko uku, sannan mai. Bayan kwana biyu ka sake zura tsumma ka duba ko tsatsa ta taso.